Babur ɗin Malam Ladan a Shekarar Ɗari

Ku matso inuwa ku zauna, tunda fasinja bai fito ba. Tun ɗazu nika jin ku kuna zagin masu gidan mai, wai sun taɓa famfo, litar jiya ba ita ce ta yau ba. Wataƙila sun taɓa, ban rantse masu ba. Amma kafin ku ɗauki alhakin mutum, wa ya duba iskar tayarsa yau da safe? Shiru, kun gani. Ku 'yan kabu-kabu kun ɗauka babur abu ne na a zuba mai a murɗa totur, kanikanci kuma kwance ƙusa ne a ɗaure. Ni na fi shekara hamsin ina kwance ƙusar, har yau babur bai gama ba ni mamaki ba. Shan mansa na bazara daban, na damana daban, na kaka daban, na ɗari daban. A kan wannan na ga mutumin kirki ya kusa zama ɓarawo a bakin mutane.

Aikin farko da anka ba ni a sana'ar nan wankin kafireta ne. Ni ɗan maƙera ne nan Tambuwal, mahaifina ya ga ƙarfen zamani ya fara shigowa, ya miƙa ni Sakkwato wurin wani bakanike da ake kira Garba Gajere. Shekara guda cur ban taɓa inji ba, sai kafireta, in kwance, in wanke, in busa, in mayar. In na yi ƙorafi ya ce, "Mamman, wanga abu shi ne maƙogwaron babur. Wanda bai san maƙogwaro ba ina zai san ciki?" Daga baya ya koya mani duba fulogi. In ka ciro shi ka ga baƙi ƙirin, mai ya fi iska yawa. In fari ne fat, iska ta fi mai. In ya yi launin soyayyar gyaɗa, ka mayar da shi ka yi shiru, kada karambani ya sa ka taɓa komai. Ranar da ya sallame ni ya ba ni sifana fuɗu, da filaya, da sukundireba, da famfon iska. Biyu daga sifanun nan suna cikin akwatin da kake zaune a kai.

Na dawo gida shekara biyu bayan samun mulkin kai, zamanin Jihar Arewa. Ku da kuke ganin babura sun cika tasha ba za ku yarda ba, amma a lokacin guda biyar ne duk ƙasar nan, kuma duka na ma'aikata ne: malamin gona, malamin daji, malamin asibiti, mai duba makarantu, da malamin dabbobi. Gidan mai babu. A duro fetur ke zuwa kan motar Sakkwato, a kulle shi cikin sito, a auna wa kowa nasa da galan. Ni kaɗai ne bakaniken babur, babura biyar ɗin nan su ne gonata.

Babur ɗin malamin gona shi ya fara sa ni tunani. Cikin bazara ya kawo mani shi, ya ce tanki ya huje. Na duba, na shafa, na zuba ruwa na girgiza, babu huji ko na allura. Sai na bi shi ofis na ga inda yake ajiye shi: tsakar fili, rana na dukan baƙin tanki tun hantsi har la'asar. Ka kai hanci kusa da murfi sai ƙamshin mai ya buge ka. Ashe rana ke sha. Na ce ya riƙa kai shi gindin tsamiya, magana ta ƙare. Tun daga nan na yanki karan dawa na yi masa zane-zane, duk babur ɗin da ya zo sai na tsoma cikin tanki, in tambayi mai shi ina ya je, wace hanya ya bi, ya iska take. Suna yi mani dariya, wai na fi alƙali tambaya.

A hankali na gano abin. Bazara inji na tashi da bugu ɗaya, amma rairayi ya yi laushi, taya na nutsewa, dole ka zauna ƙaramar giya. Damana ta fi kowa ci, ga laka, ga zagaye saboda gulbi ya cika, wani lokaci taya na juyawa wuri guda mai na ƙonewa a banza. Kaka ita ce sarauniya. Ruwa ya danne hanya ta yi tauri, ba zafi ba sanyi, babur na tafiya shina jin daɗin ransa. Ɗari ne kawai ban gama ganewa ba, sai da ya koya mani da kansa.

Malam Ladan shi ne malamin dabbobi. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali, ya yi shekaru bisa doki shina zagaya rugage kafin a ba shi babur. Da kaka anka kawo masa shi, sabo, baƙi, ɗan Ingila. Wani daga ofishinsu ya raka shi Fakku ta Kebbe sunka dawo, ya ga tanki ɗaya ya isa har da ragowa, sai anka yanke masa ke nan: tafiyar Fakku tanki ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa da kaka anka yi awon.

Shekarar ɗari ya yi tsanani, irin wanda ruwan alwala ke cizon yatsa. Ita ce kuma shekarar da bushiya, cutar nan mai kashe shanu, ta ɓullo ta kudu, ake ta hanzarin yi wa garke allura. Malam Ladan ya tafi Fakku, mai ya ƙare masa a hanyar dawowa, ya turo babur da ƙafa har Kebbe. Anka ce tsautsayi ne. Karo na biyu ya zagaya wasu rugage kafin ya nufi Fakku, mai ya yanke bai ko isa ba. Maganin allura cikin fulas mai ƙanƙara ake ɗaukarsa. Kafin ya sami jakin da zai kai shi ƙanƙara ta narke, magani ya lalace, Fulanin da sunka tara shanu tun safe sunka watse.

Kun san bakin mutane. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta cika gari cewa Malam Ladan na sayar wa direban motar kasuwa da man gwamnati. Mutumin da ke ba da salla in liman ba ya nan, sai ga shi shina shigowa masallaci ana kallon ƙasa. Babban malamin dabbobi ya aiko daga Sakkwato cewa zai zo nan da kwana biyar, in babur lafiya yake a karɓe shi, a sallami Malam daga aiki. Kuma ni anka ce in duba babur ɗin in faɗi gaskiya.

To ku duba inda anka sa ni. In na ce babur lafiya lau, na ce Malam ɓarawo ne. In na ce akwai matsala, ni nika gyaransa, hannuna ne. Na kwance shi tas a rumfata. Tanki ba ya yoyo, tiyon mai ba ya yoyo, kafireta tsaf. Amma da na ciro fulogi sai na gan shi baƙi kamar gindin tukunya. Na ce a raina, man nan ba sayar da shi anka yi ba, ta cikin injin nan ya bi. Sai dai ta yaya? Abin ya hana ni sakat. Na je gidan Malam na ce, "Malam, gobe ina son in bi ka Fakku. Ka yi tafiyarka yadda ka saba, kamar ba ni nan."

Ya ce, "Mamman, ko kai ma zargina kake?"

Na ce, "Babur nika zargi, Malam, amma ba ya faɗa mani komai a rumfa."

Da gari ya waye munka fito, na ɗaura galan guda a baya saboda tsaro, karana na cikin aljihu. Abu na farko, bugu goma sha ɗaya Malam ya yi kafin inji ya kama, don baƙin mai ya yi kauri da sanyi, kuma sai da ya ja cok, abin nan da ke rage iska ya ƙara mai. Wannan ban yi mamaki ba. Na biyu, na latsa taya na ji ta yi laushi, alhali kwana uku da sunka wuce ni na buga mata iska. Ashe sanyi na sa iskar taya ta kwanta. Na yi shiru don na ce ya yi yadda ya saba. Na uku kuwa shigar Malam ce. Taguwa biyu, babbar riga, ga gwado ya yafa a bisa, ga rawani. Da munka hau hanya iska ta shiga rigar ta cika ta tim, ni da nika baya ko hanya ba ni gani. Ina jin babur na nishi shina ture iska. Na lissafa duk waɗannan a zuciya, na ga za su ci mai, amma ba za su cinye tanki ba.

Ƙauyen farko da munka isa, maigari na zaune ƙofar gida da mutanensa suna jin wuta. Malam ya tsaya, ya kafe babur, ya ɗan ja cok don kada inji ya mutu, ya cire takalmi ya tafi gaisuwa. Babur na nan shina ta tuf-tuf-tuf.

"Ranka shi daɗe, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya ɗari?"

"Ɗari lokacinsa ne. Ya iyali? Ya mai jiki?"

Daga iyali anka koma kan gero, daga gero anka koma kan rijiyar da ta rufta, daga nan anka kawo kunu. Ni ma na sha, ban kawo komai a raina ba, don kunnen bakanike ya saba da ƙarar inji har ba ya jin ta. Ƙauye na biyu haka. Na uku akwai rasuwa, sai da anka yi addu'a doguwa. A na fuɗu ne ina zaune kan tabarma na hangi baƙin hayaƙi na fita salansa a hankali, babur na tsaye ba ya zuwa ko'ina. Na tashi tsam na tsoma kara cikin tanki. Ba mu kai Kebbe ba, mai ya sauka inda ya kamata a ce mun wuce ta da nisa.

Da munka fita gari na taɓa kafaɗarsa ya tsaya. Na ce, "Malam, mi ya hana ka kashe shi in za ka gaisa?"

Ya waigo ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ba kai ka hana ni ba?"

"Ni?"

"Kai. Farkon ɗari, ranar da kik ɗin tayar da inji ya dawo ya doke ni a idon sawu na zo ina ɗingishi. Ka ce, Malam, in ana ɗari kada ka riƙa kashe shi."

Wallahi sai lokacin na tuna. Hannuna na cikin injin wani, ko ɗaga kai ban yi ba na faɗi maganar. Nufina da sassafe, kada ya kashe sai inji ya ɗauki zafi. In ya yi zafi ko ka kashe shi ka sha kunu ka dawo, bugu ɗaya zai tashi. Amma ban faɗi haka ba. Shi kuwa Malam mutum ne da aikinsa ya koya masa bin umarni yadda anka rubuta a jikin kwalba, ba ragi ba ƙari. Da kaka shina kashe babur a kowane ƙauye, da ɗari ya shigo ya daina, don bakanike ya ce. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Don in rufe kunyar sai na ce, "To Malam, gaisuwar ma ai ta yi yawa. Ba a ragewa?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "Yaro dai yaro ne. Maigarin da ka wuce shina zaune, shi zai aika ruga a tara maka shanu? Bafulatanin da ba ka tambayi lafiyar tsohuwarsa ba, shi zai riƙe maka saniya ka soka mata allura? Gaisuwar nan rabin aikin ce, Mamman."

Na sauke famfo na cika tayu, na mayar da cok wurinsa, na roƙe shi ya naɗe babbar rigar ya ɗaure ta da gwado a ƙugu. Daga nan duk inda munka tsaya sai ya kashe. Karon farko da zai tayar na ga shina ɗaga ƙafa a tsorace, amma bugu ɗaya inji ya amsa. Ya yi murmushi, ya ce, "Ikon Allah." Munka isa Fakku, Ardo ya karɓe mu ba yabo ba fallasa, Malam ya ba shi haƙuri anka sa ranar tara shanu. A dawowa iskar arewa na dukan ƙirjinmu, na ga yadda ita ma take karɓar rabonta. Duk da ɓarnar safe, munka shigo Tambuwal ba mu buɗe galan ba, ragowar man da ke tanki bai fi kofin shayi ba.

Kafin mu rabu Malam ya ce, "In babban malam ya zo, ka ce ɗari ne da iska. Ba ƙarya ka yi ba. Sauran ka bar shi."

Na so in bar shi, ba zan ɓoye maku ba. Babura biyar gare ni a duniya, kuma ga aure na yi bai daɗe ba.

Babban malam ya zo ranar da ya ce. A barandar ofis anka zauna, ga shi bisa kujera, ga mai sito, ga sauran malaman da nika yi wa gyara, ga Malam Ladan a gefe ya sunkuyar da kai. Na ajiye baƙin fulogin bisa tebur na fara bayani: kaurin baƙin mai, laushin taya, riga da iska, da cewa da kaka anka yi awo. Ya saurara har na gama. Mutum ne da ya san babur. Ya nuna malamin daji ya ce, "Wannan ma cikin ɗarin yake yawo, shi ma da riga. Don mi nasa bai ƙare ba?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, Malam ba ya kashe inji in ya tsaya gaisuwa. Tsakanin nan da Fakku ya fi tsayawa goma."

Sai wani ya yi 'yar dariya. Babban malam ya juya ga Malam Ladan, ransa a ɓace. Ya ce, "Ladan, man gwamnati kake ƙonawa kana shan kunu? Wanda bai san a kashe inji ba ai doki ya dace da shi. Wa ya koya maka wannan?"

Na dubi Malam na ga ba shi da niyyar buɗe baki. Sata ta fita, amma ga sakarci zai maye gurbinta, kuma babur ɗin dai zai tafi.

Na ce, "Ni ne, ranka shi daɗe. Ni na ce in ana ɗari kada ya kashe. Ban yi masa bayani ba. Shi umarnin bakanike ya bi."

Sai babban malam ya ce Malam Ladan ya riƙe babur ɗinsa da aikinsa, a ƙara masa galan guda duk tafiyar ɗari da ta damana. Gyaran babur ɗin ofis kuwa daga ranar sai Sakkwato. Kafin wata ya ƙare sauran fuɗun ma an ce su bi sahu, in sun lalace a ɗora su bisa motar kasuwa. Ban ga laifin kowa ba, maganata ta lalata fulas guda na magani a shekarar bushiya.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Rumfar babur ta koma ta facin keke da liƙin buta da gyaran fitila. Wata rana in wuni ban taɓa sifana ba. Na ji ciwon abin ƙwarai, musamman in na ga an wuce da babur bisa mota alhali daga ƙararsa na san minti goma ya ishe ni.

Malam Ladan bai taɓa yi mani godiya da baki ba, ba halinsa ba ne. Sati biyu bayan zaman baranda sai ga shi da ƙafa, shina turo wani tsohon keke na gidansa. Ya jingine shi ya zauna munka gaisa. Ya ce, "Mamman, duba mani wanga keke, kamar shina wani ƙara."

Na hau na zagaya, na saurara, na juya tayu, na matsa birki. Babu abin da ya sami keken. Na ɗaga kai, ya kau da ido shina kallon hanya. Sai na kifa keken na kwance sarƙa na wanke, na sa mata mai na mayar. Ya biya, na karɓa.

Sau goma sha ɗaya ya kawo keken nan a shekarar, kuma ban taɓa ce masa keken lafiyarsa lau ba.